Takun Kawu Baƙo a Gonar Bomo

Kawuna Baƙo, yayan mahaifiyata, manomi ne a Bomo, kuma in ka cire noma ban san abin da zai rage a jikinsa ba. Ba ya hira, ba ya sauraron rediyo, ko a coci leɓe kawai yake motsawa lokacin waƙa don kada fasto ya ce bai yi ba. An haife shi a wani ƙauye can bayan Giwa, a gidan da ba a salla ba a zuwa coci, ranar da baƙi suka sauka, shi ya sa sunan. Yana saurayi ya bi wani malamin bishara ya zama Kirista. Da aka zo baftisma aka ce ya zaɓi sabon suna, ya ce wanda yake da shi bai tsufa ba tukuna. Daga baya ya gangaro Bomo da matarsa Susanna, ya sami gona a bakin hanyar da ke shiga Samaru, ya zauna ke nan.

Abin da aka san shi da shi sara ne. Ga wanda bai taɓa shuka dawa ba, aikin na mutum biyu ne. Ɗaya yana gaba da sungumi, wata fartanya mai doguwar ƙota, duk takun da ya yi sai ya sari ƙasa a gefensa ya bar rami. Na biyu yana biye da ƙwaryar iri, ya jefa a ramin ya rufe da ƙafa. Babu igiya, babu awo, ƙafar mai sara ita ce ma'auni. Kawu ba ya kallon ƙasa in yana sara. Akwai wata ɗorawa a ƙarshen gonarsa, ita yake ƙura wa ido in yana tafiya gabas, in ya juyo kuma ya ƙura wa hasumiyar tankin ruwa ta Samaru. Ya ce ido na riƙe layi ne, tazara kuwa aikin ƙafa ne, bai kamata ɗaya ya shiga aikin ɗaya ba. In dawarsa ta tsiro mutane kan tsaya a hanya su duba. Da ruwan shuka ya sauka, maƙwabta kan zo su roƙe shi ya sara musu tasu, shi kuwa sai ya gama ja musu rai kafin ya ɗauki sungumi. Ba shi da wani girman kai a duniya sai wannan, amma wannan ɗin kam ya ishe shi.

Ni Martina nake, ina koyarwa a wata firamare a Sabon Gari, ina zaune a Jushi. A hannunsa na yi ƙuruciyata bayan rasuwar mahaifina, don haka abin da zan faɗa da idona na gan shi.

A ƙarshen daminar 2004, da safe, ya sunkuya zai wanke fuska a tsakar gida, sai ya tafi gefe ɗaya ya kwanta kusa da buta. Mama Susanna ta ce ta ɗauka wani abu yake nema a ƙasa. A asibiti aka ce hawan jini ne ya jawo shanyewar ɓarin jiki, ɓangaren hagu. Babu wanda ya san yana da hawan jini, shi ma bai sani ba, don rabonsa da asibiti tun yana yaro. Bakinsa da ya karkace ya miƙe kafin Kirsimeti. Hannun ya dawo a hankali, har ya iya riƙe kofi, daga baya ya iya riƙe ƙota. Ƙafar ce ta ƙi.

Na tambaye shi ko tana masa ciwo. Ya ce da ma ciwo take yi, da ya san tana nan. Ya ce in ya taka ƙasa da ita ba ya jin tsakuwa, ba ya jin sanyi, sai ka ce an naɗe ta da tsumma. Bai faɗi haka da baƙin ciki ba. Tun da ya faɗi ban ga ya yi kuka ba, ban ga ya yi fushi ba. Ya ci abinci in an ba shi, ya kwanta in an shimfiɗa masa, ya amsa gaisuwa. Har na fi son ya zagi wani.

Da ya fara tafiya ga yadda take. Gwiwar hagu ba ta lanƙwasawa, yatsun kuma suna kallon ƙasa, don haka in zai ɗaga ƙafar sai ya ɗage ƙugu ya wurga ta gefe, ta zagayo ta faɗi can gaba. Da ta faɗi, ta dama sai ta yi sauri ta zo ta tsaya kusa da ita, don jikin ba ya yarda ya dogara da ta hagun ko na ƙiftawar ido. Taku ɗaya dogo, ɗaya gajere, kuma kullum yana ɗan karkata hagu. Kowa yana ganin wannan. Shi kaɗai ne ba ya gani, don ƙafar ba ta ba shi labarin inda ta sauka, shi kuma mutum ne da ya saba tafiya ido a gaba. Ya san yana ɗingishi. A ransa ɗan kaɗan ne.

Mu kuwa mutanen kirki ne, ba ma gaya wa marar lafiya yadda yake. Zumuntar mata suka zo da ankonsu suka yi masa waƙa suka ce, "Baba, ai ka warke." Dattawan ikilisiya suka zo suka yi addu'a suka ce Ubangiji ya gama aikinsa. Maƙwabtansa Musulmi suka leƙo suka ce, "Kai, Baƙo, jiki ya yi kyau, saura ƙarfi." In ya taso daga kujera zuwa ƙofa sai a tafa masa. Tun ina yarinya nake jin ana tambayar mutum yaya jiki yana cewa da sauƙi, ko da gobe za a binne shi, ban taɓa jin haushin abin ba sai a gidan nan. Amma ko ni, in na shiga na ga fuskarsa, abin da kowa ke faɗi shi ke fitowa daga bakina.

Mutum ɗaya ce ba ta yi masa wannan ladabin ba. Sunanta Adaobi, mai gashin ƙashi ce a wani ƙaramin asibiti a Sabon Gari, 'yar Ibo haifaffiyar Zariya, Hausarta ta fi ta wasu ɗalibaina. Philip, ɗan Kawu na biyu, wanda ke sayar da kayan babur a Sabon Gari, shi ke ɗauko shi a bas daga Samaru, ni in karɓe shi in na tashi daga makaranta. Tana sa shi tsakanin wasu ƙarafa biyu ya riƙe, ta durƙusa ta kama masa gwiwa.

"Baba, matsalarka ba ƙafar hagu ba ce kaɗai," in ji ta. "Ta daman nan ma ta lalace da tsoro. Ba ta barin 'yar'uwarta ta ɗauki kaya. Tsaya a kan ta hagu. Tsaya. No rush am, Baba, tsaya mana!"

Ya tsaya kaɗan, ta dama ta ruga ta tare.

"Ka gani? Tafiya aikin biyu ne. In ɗaya ta ɗaga, dole ɗaya ta jira."

"Ai ina tafiya, 'yata," ya ce.

"Kana isa inda za ka. Ba ka fara tafiya ba tukuna."

A hanyar komawa, da muka isa tasha ya ce yarinyar nan ba ta da kunya. Ya ci gaba da zuwa na wasu watanni, yana yin abin da ta ce a gabanta, in ya koma gida ya bari. Mutum guda na cewa saura, gari guda na cewa ka warke, wa za ka ji? Wata rana ya ce wahalar motar ta isa haka. Adaobi ta aiko da saƙo ta bakina cewa in ya daina yanzu ƙafar za ta saba da yadda take. Na gaya masa. Ya ce in gaishe ta.

Daminar 2005 bai yi noma ba. Mama Susanna ta ɗan zuba kuɓewa da gyaɗa a gefe, sauran gonar ciyawa ta cinye. A shekarun nan kuwa Bomo ta canza. Ɗaliban jami'a sun yi wa ɗakunan makaranta yawa, suka bazu cikin ƙauye suna neman haya, duk mai fili a bakin hanya ya sa bulo ya jera ɗakuna. Gonar da ke dama da ta Kawu ta zama gida, 'yan mata da wando suna shanya a inda a da ake kafa bukka. Philip ya fara magana, da farko a bayan ido, daga baya a gabansa. Ba mugun yaro ba ne, kada a ɗauka haka. Shi ke sayen magani, shi ke kawo hatsi, ga nasa 'ya'yan. Ya ce a gina ɗakuna a gonar, iyayensa su ci daga haya su huta.

Aka zauna a kan maganar bayan Ista ta 2006, a tsakar gida, da Dattijo Raphael na cocinmu a matsayin mai shiga tsakani. Philip ya yi bayaninsa a durƙushe, da ladabi. Kawu ya saurara har ƙarshe yana kallon bango.

"Bana zan shuka ta," ya ce.

"Baba, wa zai sara maka?"

"Wa ya saba sara mini?"

Nan ne wurin da ya kamata wani ya buɗe baki, amma duk wanda ke zaune a wurin ya riga ya ce masa ya warke, ba sau ɗaya ba. Dattijo Raphael ya yi gyaran murya ya ce to, a yi haka, in Baƙo ya sare gonar da kansa daga bakin hanya har ɗorawa, maganar gini ta mutu muddin yana raye. In ya kasa, Philip ya kawo bulo. Ya faɗi haka ne yana ganin ko layi ɗaya Kawu ba zai ƙarasa ba, a rabu lafiya ba tare da an kunyata kowa ba. Philip ya yarda. Kawu ya ce a miƙo masa sungumi ya duba ƙotar.

Ruwan shuka ya sauka wata Juma'a, Asabar da sassafe na hau acaɓa na tafi Bomo. Na same su a bakin gona. Ya ajiye sandarsa a ƙasa, ya riƙe sungumi, Mama Susanna na bayansa da ƙwarya. Ƙasar ta jiƙu, tana kama ƙafa. Ya ɗaga kai ya nemi ɗorawar, ya same ta, ya fara.

Hannun bai manta ba. Duk saukar ƙafa sai sungumi ya sauka, ba ya kuskure. To amma ƙafar ce ke ba da umarni. Ta hagu ta zagaya ta faɗi nesa, ya sara. Ta dama ta yi wuf ta biyo, ya sara. Rami biyu manne da juna, sai fili, sai rami biyu manne da juna. Layin kuma yana tafiya yana lanƙwasa hagu, in ya ga ɗorawar ta goce sai ya fizgo jiki ya dawo, ya sake gocewa. Idonsa na gaba, bai duba ƙasa ba ko sau ɗaya. Kafin ya kai ƙarshe ya juyo, Mama Susanna ta rufe duk ramukan ta shafe da tafin ƙafa, babu abin da ya rage sai ƙasa mai laushi da sawu.

Da ya zauna hutawa a gindin ɗorawa, gumi ya jiƙa masa riga, na ja ta gefe.

"Mama, ki riƙa tsallake ɗaya mana. In kika zuba a ɗaya kika bar ɗaya, tazarar za ta yi daidai, ba wanda zai gane."

Ta dube ni kamar na yi mata wani yare.

"Ramin da ya sara?"

"Eh."

"Tun da aka kawo ni gidansa ban taɓa tsallake ramin da ya sara ba. Hannuna ma ba zai yarda ba." Ta gyara ɗaurin zane. "Kuma na gaji, Martina. Na gaji da gyara masa abu a ɓoye."

Gonar da yake gamawa kafin rana ta take, sai da ta ci masa safiya bayan safiya har tsakiyar mako. Ya faɗi sau da yawa, in ji Mama Susanna, kuma bai yarda ta ɗaga shi ba, sai ya dafa ƙotar ya miƙe. Amma ya kai ɗorawa da layin ƙarshe. Philip ya zo ya tsaya a bakin hanya ya ga an gama, ya cire hula ya ce, "Baba, sannu da aiki. Magana ta ƙare." Dattijo Raphael ya ba da shaida a coci cewa an ga ikon Ubangiji a Bomo. Kawu ya koma gida ya kwanta, jikinsa ya yi tsami, bai sake fita ba sai Lahadin sama.

Ranar nan na je sujada a can. Da aka tashi ya ce mu bi ta gona ya ga tsiro. Muka taho a hankali, shi da sandarsa, ni da Mama Susanna, Philip na tura babur a bayanmu. Ruwa ya yi kyau a makon, dawar ta fito duka, kore shar a kan jar ƙasa, ba ramin da ya ƙi. Daga kan hanya, da yake ta ɗan fi gonar tudu, ana ganin komai har ɗorawa.

Tsiro biyu a haɗe, fili, tsiro biyu a haɗe, fili. Kowane layi ya tafi ya karkata ya dawo ya sake karkata. Wajen tsakiya akwai wuraren da layi ya yanke ya koma gefe, inda ya faɗi ya tashi.

Ya daɗe a tsaye. Fuskarsa ba ta canza ba. Wasu ɗalibai biyu suka wuce da bokitin ruwa, ɗaya ta dubi gonar ta ce wa ɗayar wani abu da Turanci, suka wuce abinsu. Wani maƙwabci a kan keke ya rage gudu ya ce, "Baƙo, shuka ta yi kyau!" Kawu bai amsa ba, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"Susanna."

"Na'am, Baban Philip."

"Ke kika zuba irin nan?"

"Ni ce."

"Inda na sara?"

"Inda ka sara."

Ya sunkuyar da kai ya dubi ƙafafunsa. Sai ya yi taku ɗaya yana kallo, ya ga ta hagu ta fita gefe ta zagayo. Ya ga ta dama ta biyo da gudu. Ya sake yi. Ya waiwaya ya dubi sawunsa a kan danshin hanya, daga nan har kwanar coci.

"Haka nake tafiya?"

Ya juyo ya dube ni.

"Martina, ke malama ce. Haka nake tafiya?"

"Haka ne, Kawu."

"Tun yaushe?"

"Tun da ka tashi."

"Har cikin coci? Har gaban mutane in zan je zuba kuɗin baiko?"

"Eh."

Ya gyaɗa kai a hankali, kamar an gaya masa farashin taki. Na so ya yi mana ihu, ya tambaye mu dalilin da ya sa muka bar shi. Bai tambaya ba. Tausayinsa ya kama ni har na kasa kallonsa, na koma kallon tayar babur.

Philip ya jingine babur ya matso ya durƙusa.

"Baba, ba komai ba ne. Dawa ba ta san layi ba, za ta yi. In an zo cira sai a rage ɗaya a bar ɗaya, ni da kaina zan zo in yi. Ka cika alkawari, gona taka ce. Kuma gobe in ka yarda mu koma wurin Adaobi."

"Masu ginin nan naka suna nan?"

"Baba, na ce maganar ta mutu."

"Ina tambayarka ne."

"Suna nan."

"Ka kira su gobe."

Mama Susanna ta ce, "Haba, Baban Philip, ko girbi a jira mana. Ga iri ya riga ya fito."

Bai dube ta ba. Ya ɗaga sandarsa ya nuna layukan da ke kusa da mu, waɗanda duk mai zuwa Samaru da duk mai dawowa zai wuce ta gabansu har kaka.

"Ku fara haƙa ta bakin hanya," ya ce. "Nan ne ake gani."

Ya juya ya kama hanyar gida, kansa a ƙasa, yana kallon ƙafafunsa. Washegari da hantsi masu haƙa harsashi suka zo da diga da shebur.